Tarihin Malam Aminu Kano da Makarantun Islamiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu. Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da attajirai na Birnin Kudu da Gwaram, ga labarin Malam Aminu, wanda iyayenmu suka sani tun ƙasarmu tana ƙarƙashin Sarkin Kano.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu Bagyane ne, mufti a kotun Alƙali. Da allo ya fara, sa'an nan aka sa shi boko, ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauci inda ya zauna da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Ingila ƙarin ilmi. A 1950 ya bar aikin gwamnati, ya shiga NEPU.

Siyasarsa kowa ya ji ta. Abin da ya shafe mu mu masu allo shi ne makarantun Islamiyya da ya tsayar a Kano a farkon shekarun 1950. Ya ɗauko benci da alli da aji-aji daga wajen Nasara, ya zuba musu Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci, kuma ya ce 'ya'ya mata su zauna su yi karatu kamar maza. Waɗansu malamai suka ƙi abin, suna ganin bidi'a ce. Masu mulkin En'e kuwa suka ɗauke su makarantun 'yan hamayya, suka takura musu. Hujjarsa ita ce Shehu Usmanu ya karantar da mata, ga Nana Asma'u shaida. A nan ba ni da abin da zan mayar masa. Amma fa haddar da tsangaya take fitarwa, da zaman dare gaban wuta, benci bai kawo irinta ba, ko da yake yau 'ya'yanmu mata Islamiyya suke zuwa da yamma.

Bayan samun mulkin kai ya riƙe ma'aikatar sadarwa a 1967, daga baya ta lafiya, bai bar karatun tafsiri da azumi ba, bai kuma tara dukiya ba. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Allah Ya jiƙansa, amin.