Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bam ɗin Sahara

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a shekarar 1912. Ya fara karatu a gida, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928. Da ya kammala a 1933, sai ya koma Bauchi ya zama malami a Makarantar Midil. A wannan zamani ne ya rubuta littafinsa mai suna Shaihu Umar. Daga baya ya shiga siyasa, har ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Sahara ta ƙasar Aljeriya. Idan irin wannan bam ya fashe, yakan tayar da ƙura mai guba. Gubar ba ta da wari, ido kuma ba ya ganin ta. Takan sauka a kan ciyawa da ruwa. Saniya ta ci ciyawar, gubar ta shiga nononta, mutum ya sha. Bayan shekaru tana iya haddasa ciwon daji.

Hankalin mutanen Nijeriya ya tashi, domin iskar hunturu daga hamada take kaɗowa, tana ɗauke da ƙura. Gwamnatin Ɓalewa ta nuna rashin amincewarta, amma Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ranar 27 ga Disamba 1960 ta yi gwaji na uku.

An san Ɓalewa da haƙuri da taushin magana, kuma watanni uku kacal ke nan da samun 'yancin Nijeriya. Duk da haka, a watan Janairu 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa ƙasar. A 1964 aka kafa wani sashe a Jami'ar Ibadan domin auna irin wannan guba da kare jama'a daga gare ta.

An kashe Ɓalewa a juyin mulkin Janairu 1966. Kabarinsa yana cikin birnin Bauchi, inda jami'ar tarayya take ɗauke da sunansa.

Tambayoyi

1. Wane aiki Ɓalewa ya yi kafin ya shiga siyasa?
2. Ta yaya gubar bam take shiga jikin mutum?
3. Me ya sa iskar hunturu ta tayar wa mutane hankali?