Annabi Musa da Kaburburan Makwaɗaita

Ranar 4 ga Satumba Ikkilisiya takan tuna da Annabi Musa. An haife shi a Masar, cikin kabilar Lawi, a zamanin da Fir'auna ya ba da umarni a jefa jarirai maza na Ibraniyawa a Kogin Nilu. 'Yar Fir'auna ta tsame shi daga bakin ruwa, ya girma a fāda cikin daula.

Yana da shekara 40 ya kashe wani Bamasare da ke dukan Ba'ibrane, ya gudu Madayana, ya zama makiyayi. Yana da shekara 80 Allah ya kira shi daga kurmi mai cin wuta, ya fitar da Isra'ilawa daga bauta ta hannunsa.

Littafin Ƙidaya, sura 11, ya ba da labarin wata babbar jarrabawarsa. Jama'a suka gaji da manna da Allah yake saukar musu, suka yi ta kukan nama, suna begen kifi da albasa da tafarnuwar Masar. Sun tuna tukunya, sun manta bulala. Nauyin ya ishi Musa har ya roƙi mutuwa, sai Allah ya ba shi dattawa 70 su taya shi.

Iska kuwa ta koro makware daga teku, mutane suka yini suka kwana suna tarawa. Kafin su gama ci, annoba mai tsanani ta auka musu. Aka sa wa wurin suna Kibrot-hata'awa, wato kaburburan makwaɗaita. Abin da suka nace a kai shi ya zama hukuncinsu.

Abin lura shi ne, mutumin da ya ci abincin fāda bai yi marmarin komawa Masar ba. Ya rasu yana da shekara 120 a ƙasar Mowab, bayan ya hango Ƙasar Alkawari daga Dutsen Nebo. Bai shiga ba, saboda laifinsa a ruwan Meriba.

Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa da misalin mutanen nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Mu da muke karɓar Gurasar Rai a Misa, sai mu binciki zukatanmu: wace tukunyar Masar muke bege har yanzu?

Allah ya ba mu zuciyar godiya. Amin.