Ahmadu Ahidjo: Ɗan Garwa da Afirka ta aika sulhu tsakanin Isra'ila da Masar

Duk lokacin da aka yi maganar sulhu a Gabas ta Tsakiya, sunayen shugabannin Amurka ne ke fara zuwa a baki. Sai dai shekaru bakwai kafin yarjejeniyar Camp David, wasu shugabannin Afirka huɗu sun yi zirga-zirga tsakanin Birnin Ƙudus da Alƙahira suna neman sasanta Isra'ila da Masar. Ɗaya daga cikinsu haifaffen Garwa ne, wato Alhaji Ahmadu Ahidjo, shugaban ƙasar Kamaru na farko.

An haifi Ahidjo ranar 24 ga Agustan 1924 a Garwa, bakin kogin Binuwai. Ya fara da makarantar allo, daga nan ya shiga ta boko a garinsu, sannan ya wuce Yawunde ya ƙaro ilimi. A 1942 ya kama aiki a hukumar gidan waya a matsayin ma'aikacin rediyo, aikin da ya zagaya da shi sassan ƙasar, ya san kudu kamar yadda ya san arewa. A 1947 aka zaɓe shi ɗan majalisar Kamaru da ke hannun Faransa. A 1957 ya zama mataimakin firaminista André-Marie Mbida, a Fabrairun 1958 kuma ya gaje shi yana da shekara 33. Da goyon bayan lamiɓɓen arewa ya kafa jam'iyyarsa ta Union Camerounaise a Garwa. Ƙasar ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairun 1960, a watan Mayu aka zaɓe shi shugaban ƙasa.

Rikicin iyaka shi ne jarrabawarsa ta farko. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, kudancin Kamarun Ingila ya zaɓi haɗewa da Yawunde, arewacinta kuwa, wato yankunan Mubi da Dikwa da Gembu, ya zaɓi Najeriya. Abin ya yi wa Ahidjo zafi, amma bai tura soja ba. Ya kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague, kotun ta ƙi yanke hukunci a 1963, shi kuma ya haƙura. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, Faransa ta karkata ga Biyafara, Gabon da Kodebuwa suka amince da ita a matsayin ƙasa. Ahidjo ya ƙi bin sahu. Yana cikin kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OUA, ta ɗora wa neman sulhu, tare da Diori Hamani na Nijar da Sarki Haile Selassie na Habasha. A 1969 ya zama shugaban ƙungiyar. Ta haka ya yi suna a matsayin mutum mai ƙarancin magana da ba ya gaggawa.

A wancan lokaci Gabas ta Tsakiya na cikin raɗaɗin yaƙin kwana shida na Yunin 1967, inda Isra'ila ta ƙwace yankin Sinai da Zirin Gaza da Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus da tuddan Golan. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242, wanda ya nemi Isra'ila ta janye, a kuma amince wa kowace ƙasa ta zauna lafiya cikin iyakokinta. An naɗa jakadan Suwidin Gunnar Jarring ya shiga tsakani. Sakataren harkokin wajen Amurka William Rogers ya fito da nasa shirin a Disamban 1969, ya kuma samu tsagaita wuta a mashigin Suez a Agustan 1970. A Fabrairun 1971 Jarring ya nemi Masar ta yi alkawarin ƙulla zaman lafiya, Isra'ila kuma ta yi alkawarin komawa tsohuwar iyaka. Anwar Sadat ya amince. Gwamnatin Golda Meir ta ce ba za ta koma kan layin da ake kafin yaƙi ba. Nan magana ta cije.

Afirka ta ga abin ya shafe ta, domin Masar ɗiyarta ce, rufe mashigin Suez kuma ya tsauwala wa cinikin ƙasashen gabashin nahiyar. A taron Addis Ababa na Yunin 1971, OUA ta yanke shawarar shiga lamarin. An kafa kwamitin shugabanni goma ƙarƙashin Moktar Ould Daddah na Muritaniya, daga cikinsu aka ware huɗu su je da kansu: Léopold Senghor na Senegal a matsayin jagora, Janar Yakubu Gowon na Najeriya, Mobutu na Zayar, da Ahidjo. Dukkansu ƙasashensu na da hulɗa da ɓangarorin biyu. Ahidjo Musulmi ne da ya yi aikin Hajji, yana kuma mulkin ƙasar da ke da dangantakar jakadanci da Isra'ila tun 1960, don haka babu ɓangaren da zai ce masa baƙo ne.

A farkon Nuwamban 1971 suka sauka Isra'ila, suka gana da Golda Meir da ministan harkokin wajenta Abba Eban, sannan suka wuce Alƙahira wajen Sadat. Suka koma Dakar suka haɗa rahoto, aka aika wa ɓangarorin shawarwari a rubuce. Burinsu bai wuce a farfaɗo da aikin Jarring ba. Kowane ɓangare ya karɓe su da girmamawa, kowane kuma ya tsaya inda yake. Da aka kai batun Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamba, kan ƙasashen Afirka ya rabu wajen ƙuri'a. A taron Rabat na 1972 ƙungiyar ta fito fili ta goyi bayan Masar. Chadi ta yanke hulɗa da Isra'ila a ƙarshen 1972, Nijar a farkon 1973. Da yaƙin Oktoban 1973 ya ɓarke, Kamaru da Najeriya su ma suka yanke a cikin watan.

Me ya sa tafiyar ba ta haifar da ɗa mai ido ba? Shugabannin huɗu sun je da mutunci da amana, amma ba su da abin da za su bayar ko su hana. Makaman Isra'ila daga Amurka suke zuwa, na Masar daga Tarayyar Soviet. Bayan yaƙin 1973 Henry Kissinger ya yi irin wannan zirga-zirga, shi kuwa da jiragen yaƙi da kuɗin tallafi a bayansa, ya samu yarjejeniyoyin janye sojoji a 1974 da 1975. A Satumban 1978 Jimmy Carter ya riƙe Sadat da Menachem Begin kwana 13 a Camp David, aka sa hannu kan zaman lafiya a Maris 1979, Masar ta karɓi Sinai.

Akwai gurbin da ƙoƙarin Afirka da na Amurka suka bari. Ƙuduri na 242 bai ambaci Falasɗinawa da suna ba, 'yan gudun hijira kawai ya ce. Tawagar su Ahidjo da gwamnatoci ta yi magana. A Camp David ma babu Bafalasɗine a teburin, ɓangaren yarjejeniyar da ya shafi cin gashin kansu kuma bai tabbata ba. Sai a Disamban 1988 Amurka ta fara magana a hukumance da ƙungiyar PLO, sai a 1993 Yasser Arafat da Yitzhak Rabin suka yi musabaha a fadar White House.

A gida, tarihin Ahidjo fuska biyu gare shi. Ya riƙe ƙasa mai harsuna fiye da 200 ba tare da ta wargaje ba, Garwa ta samu hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton, an gina madatsar ruwa ta Lagdo. A Yunin 1975 shi da Gowon suka sa hannu a Marwa kan iyakar ruwa tsakanin ƙasashensu. Amma shi ne ya murƙushe 'yan tawayen UPC da taimakon sojan Faransa, ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1966, a Janairun 1971 kuma aka harbe jagoran UPC Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafoussam, watanni goma kafin tafiyar sulhun.

Ranar 4 ga Nuwamban 1982 ya ba da mamaki ya yi murabus, ya miƙa mulki ga firaministansa Paul Biya. Ba a daɗe ba suka ɓata. Ya bar ƙasar a 1983, a Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka sassauta. Yana gudun hijira Kamaru ta maido da hulɗa da Isra'ila a Agustan 1986, lokacin ziyarar Shimon Peres.

Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamban 1989, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Yoff. Wata doka ta 1991 ta dawo masa da martabarsa, ɗaya daga cikin manyan filayen wasa na Yawunde kuma sunansa yake ɗauke da shi. Matarsa Germaine ta shafe shekaru tana neman a mayar da gawarsa gida bisa girmamawar ƙasa, har ta rasu a 2021 aka binne ta kusa da shi a Dakar.