Dennis Ritchie: Mutumin da ya mayar da komai fayil a kwamfuta

An haifi Dennis Ritchie a jihar New York ta Amurka a 1941. Bayan karatu a Jami'ar Harvard, ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1967, inda ya ƙirƙiro harshen C, kuma shi da Ken Thompson suka gina manhajar Unix.

Ƙa'idar da suka ɗora Unix a kai ita ce a ɗauki duk abin da kwamfuta ke mu'amala da shi, faifai ko na'urar buga takarda, tamkar fayil: a buɗe shi, a ba shi lamba, a karanta, a rubuta, a rufe. Littafin jagoran da suka fitar a Nuwamban 1971 har gurbi ya ware don tona kurakuran manhajar, gaskiyar da ba kowane kamfani ke iya faɗa ba.

A 1983 masanan Jami'ar California da ke Berkeley suka ƙara soket, wato ƙofar da manhajoji ke aika wa juna saƙo ta intanet. Shi ma lambar ake ba shi, kuma umarnin da ke karanta fayil yana karanta shi, sai dai ba a buɗe shi da suna. Ritchie ya wallafa tasa hanyar, Streams, a 1984, amma ta Berkeley ce ta karɓu a duniya.

An tsinci gawarsa a gidansa na New Jersey ranar 12 ga Oktoban 2011, mako guda bayan mutuwar Steve Jobs, wadda ta ɗauke hankalin kafofin labarai.