Tarihin Charles Darwin da Kalmar da Ake Juya Ma'anarta

An haifi Charles Darwin ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila. Mahaifinsa likita ne, ya kuwa tura shi Edinburgh koyon likitanci a 1825. Amma yaron ya kasa jure ganin fiɗa, gama a lokacin babu maganin sa barci. Sai aka mai da shi Cambridge domin ya yi shirin hidimar ikkilisiya. Can ma hankalinsa yana kan ƙwari da tsire-tsire.

A 1831 ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle, suka yi kusan shekara 5 suna kewaya duniya. Bayan ya komo ya yi fiye da shekara 20 yana nazari, kana ya fitar da littafinsa a kan asalin ire-iren masu rai a 1859. Bayaninsa shi ne, 'ya'yan da ake haifa sun fi abincin da ke akwai yawa, kuma ba su zama daidai da juna ba. Waɗanda siffarsu ta dace da mazauninsu su ne suka fi rayuwa su hayayyafa.

Ɗalibanmu sun san kalmar nan ta Turanci, fittest, daga darasin kimiyya. Herbert Spencer ne ya fara amfani da ita ta wannan fuska a 1864, Darwin ya ara, ya sa ta cikin bugu na biyar na littafinsa a 1869. Ma'anarta mafi dacewa, ba mafi ƙarfi ba. A tsibiran Galapagos, inda Darwin ya sauka a 1835, kunkuru mai dogon wuya shi ya dace da busasshen tsibiri, domin yana iya kai bakinsa ga abincin da ke sama. Inda ciyawa ta wadata a ƙasa, dogon wuya ba wata riba ba ce.

Daga baya waɗansu suka juya kalmar, suka mai da ita hujjar danne matalauta da mallakar ƙasashen mutane. Alhali Darwin ya ƙi jinin bautar da ya gani a Brazil, kuma ya ɗauki tausayi a matsayin mafi daraja cikin halayen ɗan adam.

Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a majami'ar Westminster. Ra'ayin Kirista ya rabu a kan koyarwarsa. Ko wane ɓangare muke, ya kamata mu san ma'anar kalma kafin mu yi gardama da ita, kada kuma mu bar kowa ya fake da ita ya tattake marasa ƙarfi.