Mamman Shata a Akwatin Talabijin: Mawaƙin da Bai Rubuta Ba, da Kaset ɗin da Ke Lalacewa

Fiye da shekara 25 ke nan da rasuwar Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina, amma da wuya mako ya wuce ba a ga wani guntun bidiyonsa yana yawo a Facebook ko YouTube ko WhatsApp ba. Hoton yakan zo dishi-dishi, wani baƙi da fari, wani kuma launinsa ya koɗe. Ga shi tsaye cikin babbar riga da hula, makaɗan kalangu da 'yan amshi na bayansa, jama'a na tasowa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa liƙi. Dattawan da suka ga zamanin sukan tura wa juna cike da bege, matasa kuma su tsaya suna mamakin yadda mutum ɗaya ke riƙe taro ba tare da kayan kiɗan zamani ba.

Muryar Shata ba ta ɓace ba, tana nan a faifai da kaset. Abin da masu kallon nan ke kewa shi ne ganin waƙa ana ƙera ta nan take, a gaban ido. Shata bai zauna ya rubuta waƙoƙinsa ba, saboda haka duk wasan da aka ɗauka a na'ura shi ne asalin wannan waƙar, ba kwafinta ba. Idan kaset ɗin ya lalace, wannan waƙar ta wannan ranar ta tafi ke nan.

Daga Musawa zuwa Funtuwa

An haifi Muhammadu Shata a shekarar 1923 a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan lokaci ana ɗaukar kiɗa da waƙa a matsayin roƙo, sana'ar da ake gada a wasu gidaje na daban. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsararrakinsa, ya taɓa tallan goro da na alewa, amma hankalinsa na dandali, inda samari da 'yan mata ke haɗuwa da dare ana kiɗa ana waƙa. A can ya fara, don nishaɗi kawai, har ya gagari sa'o'insa.

Wannan asali yana da muhimmanci wajen fahimtar rayuwarsa. Manyan mawaƙan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sarkin Taushin Katsina kowannensu na da ubangida, kuma waƙarsa na kewaye da sarauta. Shata bai gaji kiɗa ba, bai kuma ɗaure kansa a ƙofar fada guda ba. Ya ɗauki kalangu, wanda aka fi sani da kiɗan mahauta da na 'yan mata, ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna ƙarƙashin kulawar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa. Daga nan ya riƙa zagaya garuruwa. Bikin 'yan sarki da aka yi a Kano a 1952 shi ne ya fito da sunansa fili a birni mafi girma a Arewa. Daga baya ya tare a Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa, ya mayar da shi gida har kusan ƙarshen rayuwarsa.

Yadda yake ƙera waƙa

Tsarin waƙar Shata mai sauƙi ne a ido. Akwai gindin waƙa, gajere, wanda 'yan amshi ke maimaitawa ba canji. Akwai kiɗan kalangu da ke riƙe da tafiya. A tsakanin amshi da amshi ne Shata ke zuba ɗiyan waƙa, kuma a nan gwanintar take. Yakan dubi taro, ya hango wani, ya sako shi cikin waƙa da sunansa da garinsu da wani labari da ya sani a kansa. Yakan yabi mai kyauta, ya yi wa marowaci zambo, ya jefa habaici ga wanda bai ambata ba, duk a numfashi guda. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuska daban-daban a wurare daban-daban. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake yi wa kansa kirari, ta shahara da haka: gindin ɗaya ne, amma abin da ke ciki na sauyawa gwargwadon wuri da lokaci.

Fagen waƙarsa ya yi faɗi ƙwarai. Ya yi wa sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya yi wa attajirai da direbobi da manoma da mata. Ya yi waƙar yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma yi waƙoƙin da malamai suka yi tir da su. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa. Ko tafiyar kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata a 1969 ba ta wuce shi ba. Wanda ya bi waƙoƙinsa daki-daki zai tarar da sunayen mutane da garuruwa da al'amuran rabin ƙarni na tarihin Arewa.

Zuwan rediyo da talabijin

Shata ya yi dace da zamani. Tashar talabijin ta farko a Nijeriya ta buɗe a Ibadan a watan Oktoba na 1959. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Rediyon Kaduna ya kai muryar Shata ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har ƙetaren iyaka zuwa Nijar da Kamaru da zangunan Hausawa na Ghana. Kamfanin EMI ya buga faifansa, kaset kuma ya zo ya ƙarasa aikin.

Talabijin ta ƙara abin da rediyo ba ya iya bayarwa. A tsakiyar shekarun 1970 tashar Jos ta fara watsa hoto mai launi, a 1977 kuma aka kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, NTA, wadda ta haɗe tashoshin da ake da su, ta kuma shiga buɗe sababbi a manyan biranen jihohi. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano. Waɗannan tashoshi na buƙatar shirye-shiryen gida, kuma makaɗan gargajiya na cikin abin da ya fi jan masu kallo. Shata da Ɗanmaraya Jos da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge duk sun bayyana a gaban kyamara. A nan ne mutane suka ga yadda Shata ke ɗaga hannu kiɗa ya lafa, yadda yake juyawa ya dubi makaɗi, da yadda fuskarsa ke sauyawa idan zai saki zambo.

Ba kowa ne ya samu wannan gani cikin sauƙi ba. A gari irin Azare, hedikwatar masarautar Katagum, wanda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri amma nesa da birnin Bauchi, muryar ta riga hoton isowa da shekaru masu yawa. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, tashar talabijin kuma a babban birnin jiha take. Mai akwati a garuruwan nesa sai ya kafa doguwar eriya bisa ƙarfe, wani lokaci ya haɗa da batirin mota, a yi ta juya eriya har hoto ya daidaita. Gidan da ke da talabijin yakan zama dandalin unguwa, a fito da akwati tsakar gida, yara a ƙasa, manya a kan tabarma da benci. Babu damar maimaitawa. Wanda ya makara ya rasa. Yaran da suka zauna a irin waɗannan tabarmi a Azare da Jama'are da Misau, da yawansu su ne manyan ma'aikata a yau, wasu ma sun yi ritaya. Begen da suke yi wa waɗancan hotuna ya haɗa da begen zaman da aka yi aka kalle su.

Siyasa, karramawa da rasuwa

Shata bai tsaya a bakin fagen siyasa yana kallo ba. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya shiga jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu, sannan ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku. An san shi da tsayawa kan ra'ayinsa, abin da ya jawo masa saɓani da abokan tafiya ba sau ɗaya ba.

Masana sun lura da shi tun yana tsakiyar ƙarfinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi, shi ne aka wayi gari ana kira Dakta.

Bayan doguwar jinya da ta kai shi har Jidda, Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An yi jana'izarsa aka binne shi a Daura, garin Sarki Bashar da ya daɗe yana yi wa waƙa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, ɗaya daga cikinsu kuma, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, ya ci gaba da tattara waƙoƙinsa da labaran mutanen da ke cikinsu.

Abin da ya rage, da abin da ke salwanta

Littafi na iya adana kalmomi, amma ba ya adana tsayuwar mawaƙi a fage. Wannan sai kaset, kuma kaset ba ya dawwama. A shekarun farko na talabijin kaset ɗin bidiyo na da tsada, saboda haka gidajen talabijin a duniya baki ɗaya sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Wanda ya tsira daga gogewa kuma yana fuskantar zafi da laima da ƙura, waɗanda ke sa fatar kaset ta yi danƙo ko ta yi fumfuna. Na'urorin da ke karanta irin su U-matic da Betacam an daina ƙera su, masu gyaransu ma sun ƙaranta.

Ko ƙasashen da suka fi Nijeriya hali sun ɗanɗana wannan asara. Fitowar mawaƙan Beatles a shirin Ed Sullivan na Amurka ranar 9 ga Fabrairu, 1964, wadda aka ƙiyasta mutum miliyan 73 suka kalla, tana nan a adane, ana ta kallonta har gobe. Amma wasan da suka je da kansu suka yi a shirin Top of the Pops na BBC a watan Yuni na 1966 an goge shi. Da wani guntu marar sauti na daƙiƙa 11 ya ɓullo a 2019, wanda aka ɗauka daga fuskar talabijin a wani gida, sai da ya zama labari a jaridun duniya. Faransa kuwa tun 1975 take da hukuma ta musamman, INA, mai adana shirye-shiryen rediyo da talabijin, shi ya sa masu begen tsofaffin mawaƙanta ke samunsu cikin tsari, da kwanan wata da sunan shiri.

Guntayen Shata da ke yawo a intanet a yau yawancinsu ba su da wannan gata. Kwafi ne na kwafi, galibi babu shekara, babu sunan wuri, babu sunayen makaɗa da 'yan amshin da ke tsaye a bayansa. Waɗanda za su iya duban hoton su ce wannan wane ne, a bikin wane aka yi, suna ta raguwa.

Hukumomin da abin ya shafa suna nan, kuma yawancinsu na tarayya ne: NTA da tashoshinta, Rediyon Tarayya na Kaduna, Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da ma'adanar fina-finai da bidiyo da sauti da ke Jos ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Akwai kuma Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, inda masana suke. Aikin ba boyayye ba ne: a ƙirga kaset ɗin da ke ɗakunan ajiya, a fara da waɗanda suka fi tsufa, a juye su zuwa kwamfuta a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a zauna da tsofaffin ma'aikata da iyalan makaɗa a rubuta bayanin kowane ɗaya, sannan a daidaita haƙƙin mallaka da magada. Kowace ranar 27 ga Oktoba hukumar UNESCO na tunatar da duniya muhimmancin adana irin wannan gado.

Shata ya yi nasa. Ya shafe fiye da shekara 50 yana saka sunayen mutane cikin waƙa domin kada a manta da su, kuma jikokin waɗanda ya ambata har yau suna alfahari da hakan. Saura kuma ya rage ga masu tsara kasafi da masu sa hannu a takarda, domin a teburinsu ne za a yanke ko jikokin masu kallon jiya za su ga Mahadi Mai Dogon Zamani yana waƙa, ko kuwa labarinsa kawai za su ji. Allah ya jiƙansa da rahama.