Georges Méliès: ɗan dabon da ya kai mutane duniyar wata da kwali da fenti

Tun kafin zuwan kwamfuta masu shirya fim suke nuna jiragen sama jannati da dodanni, kuma da hannu suke ƙera su. Mutumin da ya buɗe wannan hanya Bafaranshe ne, Georges Méliès, wanda ya shirya finafinai sama da 500 amma ya ƙare yana sayar da alewa a tashar jirgin ƙasa.

An haife shi a Paris ranar 8 ga Disamba 1861, mahaifinsa mai masana'antar takalma ne. A 1884 aka tura shi Landan don ya koyi Turanci, sai ya shaƙu da wasan rufa-ido da ake yi a zauren Egyptian Hall. Da mahaifin ya ajiye aiki a 1888, Méliès ya sayar wa 'yan'uwansa kasonsa, ya sayi gidan wasan dabo na Robert-Houdin.

A ƙarshen Disamba 1895 ya ga hoto mai motsi a majigin da 'yan gidan Lumière suka nuna a Paris. Ya nemi su sayar masa da na'urarsu, suka ƙi. Sai ya sayo na'urar haska fim daga Robert Paul na Landan, ya sarrafa ta ta koma kyamara, ya fara ɗaukar fim a 1896.

Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, wata rana kyamarar ta cije yana cikin ɗaukar titi. Kafin ya gyara ta ababen hawa sun wuce, wasu sun maye gurbinsu. Da ya haska fim ɗin, sai ya ga keken fasinja ya rikiɗe ya zama keken ɗaukar gawa. Dabarar ke nan da ya yi ta amfani da ita: a tsayar da kyamara, a sauya abin da ke gabanta, a ci gaba da ɗauka.

A 1897 ya gina ɗakin ɗaukar fim a Montreuil, gefen Paris, bango da rufi na gilashi domin hasken rana ya shiga. A nan ya riƙa zana duwatsu da fadoji a kan kwali da zane, yana ƙera ƙananan jirage da gidaje. Sirrin aikin shi ne kyamara ba ta san girman abu ba: idan aka matso da ita kusa, kuma babu wani abu a gefe da ido zai gwada da shi, ƙaramin abu sai ya fito ƙato. Da dutsen Pelée na tsibirin Martinique ya yi aman wuta a 1902, Méliès bai je can ba. Ya ƙera ɗan ƙaramin gari da dutse a bakin ruwa, ya tayar da hayaƙi, ya ɗauka.

A shekarar ce ya fitar da Le Voyage dans la Lune, wato tafiya duniyar wata, fim na kusan minti 14 wanda ya samo tushe daga littattafan Jules Verne. Masana taurari sun shiga kumbo, aka harba su da ƙatuwar igwa, kumbon ya caki wata a ido. Fuskar watan ta mutum ce da aka yi wa kwalliya, ana turo shi a hankali zuwa ga kyamara don a ga kamar kumbo ne ke kusantarsa. Da kumbon ya faɗo cikin teku, ta cikin akwatin gilashi mai ruwa aka ɗauki wurin. Kwafe masu launi kuwa, mata ne ke fente su da buroshi, hoto bayan hoto, a shagon Élisabeth Thuillier.

Fim ɗin ya karɓu ƙwarai a Amurka, amma ribar ta tafi aljihun wasu. Kamfanoni irin na Edison da Lubin sun kwafe shi suna sayarwa ba tare da biyansa ba. A 1903 ya tura yayansa Gaston ya buɗe ofis a New York don kare haƙƙinsu, sai dai an riga an yi ɓarnar. Masu shirya fim a Kano da Tamale sun san wannan ciwo na satar fasaha.

Daga nan kasuwa ta juya. Manyan kamfanoni suka cika ta da finafinai masu yawa da araha, shi kuwa aikinsa na cin lokaci da kuɗi. Ya ci bashin kamfanin Pathé, ya yi À la conquête du pôle a 1912, inda ma'aikata 12 ke motsa wani ƙaton dodon ƙanƙara. Bashin bai biyu ba, ya daina fim a 1913. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka narka ɗaruruwan finafinansa don cire azurfa, ragowar aka yi dunduniyar takalma da ita. A 1923 aka rushe gidan wasansa don faɗaɗa titi, ya rasa Montreuil, cikin takaici ya ƙone finafinan da ke ajiye a wurinsa.

Ya auri Jehanne d'Alcy, tsohuwar jarumarsa, a 1925, suka riƙe ɗan shagon alewa da kayan wasan yara a tashar Montparnasse. Can 'yan jarida suka gano shi. Aka shirya masa bikin karramawa a 1929, aka ba shi lambar Légion d'honneur a 1931. Ya rasu ranar 21 ga Janairu 1938.

Kimanin 200 ne suka tsira daga finafinansa, da yawa daga kwafen da suka watsu a wasu ƙasashe. Kwafi mai launi na tafiya duniyar wata ya ɓulla a Barcelona a 1993, aka gyara shi aka nuna a bikin Cannes a 2011.

Sana'ar ba ta mutu da shi ba. Jiragen Star Wars na 1977 ƙanana ne da aka ƙera da hannu. A shekarar ce kuma Moustapha Alassane na Nijar, wanda daga baya ya zauna a Tahoua, ya fitar da Samba le Grand da 'yan tsana, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka.

Matashi a Nyanshegu ko Maradi mai wayar hannu a yau ya fi Méliès kyamara, kwali da fenti kuma suna kasuwa. Abin da ya rage shi ne ya san yarjejeniyar da zai sa wa hannu, ya kuma ajiye kwafin aikinsa a wuri fiye da ɗaya.